Yadda za ku kula da tsofaffin unguwa ba sai an jira azumi ba

Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, kuɗin fansho ya zama bai isa cefane ba. Tsofaffin Yahudawa da yawa a Rasha da Yukiren suka rage su kaɗai, 'ya'ya sun yi ƙaura zuwa Isra'ila ko Amurka. Ƙungiyar agajin Yahudawa ta JDC, wadda aka kafa a Amurka a 1914, ta buɗe musu cibiyoyin kula da tsofaffi da ake kira Hesed. Tsarinsu ne na aro wa ƙungiyarmu ta mata a Tudun Wada, kuma ya karɓe mu.

Ku fara da littafi, ba da shinkafa ba. A bi gida gida tare da mai unguwa, a rubuta waye ke kwana shi kaɗai, wace ce ke riƙon jikoki marayu, waye ke shan maganin hawan jini. Tsohuwar da ta fi kowa buƙata ba za ta fito layin rabo ba. Kunya ko ciwon gwiwa zai zaunar da ita a ɗaki.

Su can a cibiyoyin Hesed katin banki suke ba tsoho ya sayi abinci da magani da kansa. Mu nan mai shago ɗaya muka samu mai amana, muna biyansa duk wata, Iya ta aika jikanta ya karɓo abin da ranta ke so. Na fi son haka nesa ba kusa ba. Buhun gero ga wadda ba ta da ƙarfin surfe, ai wahala kuka ƙara mata. Kuma don Allah a bar ɗaukar hoto.

Keken guragu da sandar dogarawa aro za a bayar, kamar yadda Hesed ke yi, in an gama a dawo da su. Bargo da rigar sanyi kuwa a raba tun Nuwamba, kafin hunturu ya sauko.

Kada ku mayar da tsofaffin masu karɓa kawai. A can, 'yan fansho masu sauran ƙarfi suna cikin masu aikin sa kai. Wani Baba a layinmu, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri, shi ke duba wa marayu aikin makaranta bayan la'asar. Ran Juma'a su kuma su ɗebo masa ruwa, su share masa tsakar gida.