Yadda Ake Zana Filin Dusar Ƙanƙara da Fentin Mai

Sabon hannu yakan matso farin fenti ya shafe rabin kyallen da shi, wai ai dusar ƙanƙara fara ce. Sai hoton ya fito tamkar bangon da aka yi wa farar ƙasa. Dusar ƙanƙara launin sama take ɗauka: inda rana ta haska ta kan ɗan yi ruwan ɗorawa, inda inuwa ta faɗa kuma ta koma shuɗi-shuɗi ko shunayya. A hoton La Pie da Claude Monet ya zana tsakanin 1868 da 1869, wanda ke gidan tarihi na Orsay a Paris, inuwar shingen da ta kwanta a kan dusar shuɗiya ce, ba baƙa ba.

Ka tanadi kyallen zane mai santimita 30 da 40, burushi masu faɗi biyu da siriri ɗaya, wuƙar haɗa fenti, tafentain (ruwan da ake tsinka fenti da shi) da man linsid (man da ake cakuɗa fenti da shi). Launuka biyar sun wadatar: farin titaniyam, shuɗin altramarin, ruwan ƙasa mai duhu da ake kira amba, okar mai ruwan ɗorawa, sai jan alizarin.

Da farko ka kashe farin kyallen. Ka tsinka ɗan amba da tafentain ya yi ruwa-ruwa, ka shafe shi duka, ka goge da tsumma. Muddin kyallen fari ne fat, ido ba zai gane hasken da kake sawa ba. Da ya sha iska, ka ja layin da ƙasa ta haɗu da sama, kada ya raba hoton biyu daidai, ka nuna gurbin bishiyoyi.

Sama ce ke biye. Shuɗi da fari, da ɗigon amba don ya dushe, yana ƙara haske yayin da kake gangarowa. Tuddai da itatuwan nesa ka yi su dishi-dishi, kamar yadda hazon hunturu ke haɗiye abin da ke nesa.

Dusar kanta a nan aikin yake. Ka haɗa kashi uku tun kafin burushi ya taɓa kyalle. Na inuwa: fari kamar kashi huɗu, shuɗi ɗaya, ɗan ja kaɗan. Na tsakiya: wannan haɗin ka ninka farinsa. Na haske: fari da ɗigon okar. Inuwa ake fara sawa, sirara, sai na tsakiya. Na haske shi ne ƙarshe, da kauri, da wuƙa, a wurare kaɗan: saman reshe, doron tudu, bakin sawun ƙafa. Kada ka yi ta murza inda launi biyu suka haɗu, yanzu ya zama taɓo.

Bishiyoyi ba sa buƙatar baƙin fenti. Shuɗi da amba na ba da duhu mai rai. Ka ja reshe daga gindi zuwa tsini, kana sassauta hannu.

Shafen farko da ke ƙarƙashi tafentain ya fi yawa, wanda ake ɗorawa a samansa mai ya fi yawa. In aka juya, na sama zai riga na ƙasa bushewa ya tsattsage. Amma a yi hattara, man linsid na sa fari ya koma rawaya da daɗewa, don haka kaɗan ake sa masa. Farin titaniyam mai kauri na jinkirin bushewa, kada ka shafa banish, wato ruwan sheƙi mai kare hoto, sai bayan wata shida. Tsumman da ya sha mai kuwa ka baza shi a waje ya bushe, domin in aka dunƙule shi yana iya kama wuta da kansa.