Shawara ga masu kare da kyanwa idan dabba ta ji rauni

Jama'a, musamman mafarauta da masu karnukan gadi a Birnin Kebbi, Argungu da Jega, idan mota ko babur ya buge kare, ko kyanwa ta faɗo daga rufin soro, ku fara kare kanku, domin dabbar da ke cikin zafin ciwo tana iya cizon mai ita. A ɗaure bakin kare da tsumma mai laushi, sai dai idan numfashinsa yana sarƙewa. Kyanwa kuwa a naɗe ta da zane.

Idan jini yana zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta, kada a zuba toka ko baƙin mai kamar yadda wasu suka saba, domin suna gurɓata ciwon. Kada kuma a ba kyanwa farasitamol, domin guba ce gare ta, ko rabin ƙwaya yana iya kashe ta.

Abin da ya fi damuna shi ne dabbar da ta miƙe tana tafiya bayan haɗari, har mai ita ya ɗauka ta tsira, alhali jini yana iya zuba a cikinta ko huhunta ya bugu. A ɗaga leɓenta a duba dasashi: idan ya yi fari maimakon ja-ja, a ɗora ta a kan katako a garzaya asibitin dabbobi. Idan karaya ta buƙaci hoto ko tiyata, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.