In an ce "me za a kawo miki?", ki faɗa

'Yan uwa mata, in kina kwance aka zo dubiya aka tambaye ki abin da kike so, ki daina cewa "ba komai". Ki ambaci abu ɗaya ƙarami.

A kai miki niƙa. A ɗebo ruwa a rijiya. A dama wa yara koko da safe.

Mai tambayar nan dama ta yi niyya. In kika yi kunya, sai ta kashe kuɗinta a lemon kwalba, washegari ke kuma ki biya ɗan garuwa. Asara biyu kenan.

Haka da Sallah. Tuwo ko naman layya ya shigo, ki karɓa da hannu biyu, ki ce "Allah ya saka da alheri". Ba dole sai kin mayar da kwano da wani abu ba, kowa ya san kina jinya.

Inda shawarar nan ba ta aiki: mai ciwon suga ko hawan jini ta karɓi abincin, ta ba yara. Jiƙon da gwaggo ta kawo kuwa, ki yi godiya, amma kada ki haɗa shi da maganin asibiti sai kin tambayi likita.

Wadda kika san za ta goranta miki, addu'arta kawai ki nema.