Masu son karatun ɗaukar hoton asibiti, ga inda ake yawan tuntuɓe

Yara da yawa a wajajen Ringim da Gumel yanzu sun ƙwallafa rai a aikin ɗaukar hoto a asibiti, su eksiray da sikanin, kuma abu ne mai kyau wallahi, sai dai ɓarnar tun daga tushe ake yin ta.

Wadda ta fi ƙona min rai ita ce ta neman yanke. Yaro ya gama sakandare sai a kai shi wani shagon sikanin a birni yana share ɗaki yana kallon hannun maigida, baba ya sayar da tunkiya ya biya kuɗin koyo, bayan 'yan watanni ya dawo gari ana ce masa likita. To ɗan uwa wannan ba ɗinki ba ne da ake koya a gindin tela. Akwai hukumar RRBN da aka kafa tun 1987, ita ke yi wa masu wannan aikin rajista ta ba su lasisi, kuma takardar shago ba za ta kai ka ko bakin ƙofarta ba. Hanyar ita ce digiri na shekara 5, ana yi a BUK, ana yi a Ɗanfodiyo ta Sakkwato da jami'ar Maiduguri. In kuma wata sabuwar makaranta ce ta zo da talla mai daɗi, kafin ka tura ko sisi ka bincika ko RRBN ɗin ta amince da kwas ɗin nasu, kar ka tsaya a kan "ai muna kan hanyar samu".

Sai maganar fiziks. Nan ne yaranmu na ƙauye ke faɗuwa, don makarantu da yawa malamin ma sai a hankali, yaro ya tsallake shi ya ce ai bayoloji ya isa tunda harkar asibiti ce. Ina! Ana son kiredit biyar, Turanci, lissafi, fiziks, kyamistare da bayoloji, a JAMB kuma Turanci da waɗannan ukun na kimiyya za ka zana. In babu, ka sake zaman NECO ko WAEC kawai, ya fi ka ɓata shekara kana jiran sunan da ba zai fito ba.

Iyaye kuma a sani, wannan karatun ba na likita ba ne, likitan da ke fassara hoton sai ya gama likitanci ya ƙara ƙwarewa a kai.

Bayan an gama an yi rantsuwa akwai horon shekara ɗaya a asibitin da aka amince da shi, sannan bautar ƙasa. Gurbin horon na wuya, shi ya sa wasu ke zamewa su kama aiki a asibitin kuɗi su manta, daga baya a buɗe ɗaukar ma'aikata na gwamnati a ce kawo cikakkiyar rajista, shiru. Lasisin ma duk shekara ake sabunta shi.

Ku da kuka riga kuka fara aiki a ɗakin hoto, don Allah a daina jefa bajon nan mai auna hasken eksiray da jiki ya sha a cikin durowa, a tsaya bayan kariyar dalma in za a danna na'urar, kuma duk macen da ta shigo a tambaye ta cikin mutunci ko tana da juna biyu, don matanmu na karkara kunya ba za ta bar su su faɗa da kansu ba.