"Would" ba ladabin "will" ba ne: kurakuran da na gaji da gyarawa

Makon jiya na ba ɗaliban da nake shiryawa jarabawar WAEC a Mabera insha'i mai sauƙi: me za ka yi wa Sakkwato da a ce kai ne gwamna? Takardu 42 suka dawo mini. Ra'ayoyin ba laifi, wannan zai kawo ruwan famfo unguwarsu, wancan zai gina ma'ajiyar albasa don kada ta riƙa ruɓewa a hannun manoma. Amma jan birona a kan kalma ɗaya ya ƙare, wato "would". Inda ake neman ta ba su sa ba, inda ba a gayyace ta ba kuma ta zo ta shimfiɗa tabarma.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne wannan: Hausa ta riga ta raba mana gardamar. Muna da "za", muna da "da". Idan ka ce "zan zo", alkawari ka yi. Idan ka ce "da na zo", kowane Bahaushe ya san akwai "amma" a gaba, ko ka furta ko ba ka furta ba. To "will" ita ce "za", "would" kuma, a wajen hasashen abin da bai faru ba, ita ce "da". Wanda ya rubuta "I will buy a car" ya ɗaura niyya. Wanda ya rubuta "I would buy a car" mafarki yake yi da rana tsaka, aljihunsa babu komai.

Kuskure na farko, wanda ya fi ci mini rai, shi ne ɗaukar "would" a matsayin "will" mai ladabi. Ana ganin wai ta fi taushi, ta fi kama da Turancin manya. Sai ka ga sanarwa a allon makaranta: "The meeting would hold tomorrow." Sai ka ga ɗan jami'a a Dundaye ya tura wa malaminsa saƙo: "Sir, I would submit my project on Friday." Na tambayi wata ɗalibata dalili, ta ce, "Malam, ai haka munka ji manya na faɗi a rediyo." Gaskiyarta, suna faɗi. Amma mai duba takardar jarabawa ba rediyo yake saurara ba.

Ni wannan kuskuren aiki ya raba ni da shi, shi ya sa ba na dariya idan na gan shi. Bayan na gama bautar ƙasa, wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje da ke aikin lafiya a jihar nan ta nemi tafinta. Na nema, aka kira ni ganawa ranar Litinin. Saƙon ya kwana biyu ban gani ba saboda ina jinyar mahaifiyata. Da na gani sai na zauna na tsara amsa, ina ta neman kalmomin da za su nuna ni mai tarbiyya ne. Na rubuta: "I would come on Monday. My mother is in hospital." Nufina, zan zo, kuma ga uzurin jinkirin amsata. Baturiyar da ta karanta kuwa abin da ta fahimta shi ne: da na zo, amma mahaifiyata tana asibiti. Ranar Litinin na sa kwat a cikin zafin watan Afrilu, wanda ya san Sakkwato ya san abin da nake nufi, na hau kabu-kabu na isa tun kafin ƙarfe tara. Aka duba takarda, an soke sunana, an ba wani gurbin. Matar har jaje ta yi mini, tana tambayar jikin tsohuwa. Ba ta yi mini laifin komai ba, abin da na rubuta ta karanta.

Da yamma na kai kuka wurin tsohon malaminmu na Turanci. Ya karanta saƙon sau ɗaya ya miƙo mini wayar. Na ce, "Ranka shi daɗe, ina kuskuren yake?" Ya ce, "Fassara mini jimlar farko da Hausa, amma ka fara da 'da'." Ina buɗe baki na ji abin da na aikata.

Tun daga ranar na ɗauki wata al'ada, kuma ita nake koya wa yara, ko da wasu abokan aikina suna ganin fassara zuwa Hausa tana ɓata koyon Turanci. Duk lokacin da hannuna ya rubuta "would", sai na tsaya na mayar da jimlar Hausa a zuci. In "zan" ta fito, na goge na sa "will". In "da" ta fito, na bar ta. Ladabi kuwa yana da ƙofarsa daban: a wajen roƙo da tayi ne "would" take zama ta girmamawa, kamar "Would you help me?" ko "I would like some water." Roƙo ke nan. Alkawari kuma ba a yi masa lulluɓi.

Kuskure na biyu daga cikin harshenmu ya fito, don haka ba na zafafa wa yara a kansa da farko, sai an maimaita sau uku. Mu muna cewa "idan na samu gurbi, zan karanta likitanci." Duba "na samu" ɗin nan, siffar abin da ya riga ya wuce ce, alhali maganar gobe ake yi. Yaro sai ya ɗauke ta yadda take ya kai Turanci: "If I got admission, I will study medicine." Ya haɗa kan rago da jikin akuya. Turanci hanya biyu ya tanada, kuma ba a tsallakawa daga ɗaya zuwa ɗaya a tsakiyar jimla. In abin mai yiwuwa ne, ka ci JAMB, kana jiran sunanka ya fito a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, to ka ce: "If I get admission, I will study medicine." In kuwa zato ne kawai, ko fom ba ka saya ba, sai ka ce: "If I got admission, I would study medicine." "Get" tana tafiya da "will", "got" tana tafiya da "would". Ta farko "idan" ce, ta biyu "da a ce".

A nan ne insha'in gwamna ya kashe su. Kusan kowa ya buɗe da "If I am the governor, I will". Yaro ɗan shekara 17, wanda ko katin zaɓe bai isa ya yanka ba, tunda sai mai 18 ake ba wa, yana magana kamar wanda jam'iyya ta riga ta tsayar. Abin da ake nema shi ne "If I were the governor, I would", kuma a riƙe "would" ɗin har ƙarshen takarda. Wasu sun fara daidai, suna shiga sakin layi na biyu suka koma "I will build", "I will employ", kamar an rantsar da su a tsakanin layukan. Haba jama'a! Shekara shida ana karanta Turanci a sakandare, kuma kun san ba a shiga jami'a sai da aƙalla C6 a wannan darasin. Ku riƙa sake karanta abin da kuka rubuta mana, ko sau ɗaya ne.

Sauran ƙanana ne, ba sa buƙatar dogon wa'azi. Kada a cusa "will" ko "would" a ɓangaren da "if" take: "If it rains, we will plant", ba "If it will rain" ba. Aikatau da ke bin "would" tsirara yake zuwa, "she would go", babu "goes", babu "went", babu "to go". Harafin "l" da ke cikinta ba a furta shi, "wud" ake cewa. "Should in case" da ake ji ko'ina a Najeriya maimaici ne, zaɓi "in case" ka huta. "I'd" tana iya zama "I would" ko "I had", kalmar da ta biyo baya ce ke nunawa, ni dai a wasiƙar hukuma ba na yarda ɗalibina ya gajarta komai.

Akwai kuma masu gyara fiye da kima. Bayan na yi faɗa a aji, wani yaro ya bi littafinsa yana soke kowace "would", har da ta cikin "He said he would come." Wannan daidai take, ɗana, mayar da ita. Labarin maganar da aka yi jiya kake bayarwa, "said" ta ja "will" baya ta zama "would". Haka ma idan kana tuna al'adar da: "Every dry season we would go to the river", wato mukan je. Ba "da" ba ce a nan, ba kuma "za" ba, shi ya sa nake cewa a fassara jimlar gaba ɗaya, kada a tsinci kalma ɗaya a yanke mata hukunci.

Abu ɗaya ne dabarar tawa ba ta iya rabawa, gara in faɗa da bakina. Hausa tana cewa "da na sani da na zo", tana kuma cewa "da ina da kuɗi da na zo", duk da "da" iri ɗaya. Turanci ya raba su. Abin da ƙofarsa ke buɗe, yau ko gobe, "would come" ne. Abin da ya wuce, ba ya dawowa, "would have come" ne, tare da "had" a ɗaya ɓangaren: "If I had known, I would have come." Don haka bayan "da" ta fito, sai na ƙara tambaya ɗaya: lokacin abin ya wuce ko da saura? Misalin da nake rubuta musu a allo kowace shekara nawa ne na kaina, kuma har yanzu ba su san labarin da ke bayansa ba: "If I had written will, I would have got the job."