Ga mai harsuna da yawa da ke neman aiki a ƙungiyoyin duniya

Na shekara 11 ina rubuta rahotanni da jawabai a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa, kuma tambayar da matasa suka fi yi mini ita ce: "Ina jin harshe uku, ta ina zan fara?"

Fara da zaɓen fanni. Lafiya, ƙaura, ciniki, kare haƙƙin ɗan Adam, sauyin yanayi: kama ɗaya ka riƙe shi har a san ka da shi. Wanda ya san dokar 'yan gudun hijira kuma yake jin Faransanci, shi ake kira zuwa Geneva, birnin Switzerland mai ofisoshin ƙungiyoyin duniya da yawa. Mai Faransanci kaɗai, sai ya nemi aikin tafinta, wanda sana'a ce daban mai horonta da jarrabawarta.

Sannan ka san harsunan da ake aiki da su. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da harsunan hukuma 6: Larabci, Sinanci, Ingilishi, Faransanci, Rashanci da Sifaniyanci. Amma aikin yau da kullum a sakatariyarta da Ingilishi da Faransanci ake yin sa. Tarayyar Turai tana da 24. Tarayyar Afirka ta ƙara Swahili cikin harsunan aikinta a 2022. Harshen uwarka kuma kada ka bar shi a baya, domin idan aka tura tawaga fili, shi ne ke buɗe bakin mutane.

Inda na fi so ka nutsu shi ne wurin rubuta matsayinka a kowane harshe. Na taɓa zama a kwamitin ganawa da masu neman aiki. Wata matashiya mai basira ta rubuta cewa ta ƙware a Faransanci. Ana cikin magana abokiyar aikina ta juya harshe, ta tambaye ta yadda za ta taƙaita rahoton zaɓe cikin layi biyar. Ta yi shiru, tana murza biro a hannu. Har yau abin yana damuna, don da ta faɗi gaskiya cewa tana karantawa amma rubutu na ba ta wahala, da mun ɗauke ta. Saboda haka yi amfani da ma'aunin Turai na ƙwarewar harshe, daga A1 (matakin farko) zuwa C2 (matakin ƙoli), ka rarrabe ji da magana da karatu da rubutu, ka nemi takardar shaidar cin jarrabawar harshe: DELF ko DALF a Faransanci, DELE a Sifaniyanci. Rubutu ne ke kayar da mutane. Ni da kaina kowace safiya nakan ɗauki labari ɗaya in taƙaita shi cikin rabin shafi a harshena na uku.

Ƙofofin shiga sanannu ne. Shirin YPP na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato shirin ɗaukar matasan ma'aikata ta hanyar jarrabawa, yana ɗaukar wanda bai wuce shekara 32 ba, mai digiri na farko, idan ƙasarsa tana cikin jerin shekarar. Akwai kuma UNV, shirin aikin sa-kai na Majalisar mai hedikwata a Bonn ta Jamus. A matakan muƙaman ƙwararru na Majalisar, muƙamin P-3 kan nemi gogewar shekara 5, na gaba da shi, P-4, kuma 7.

A takardar tarihin aikinka, daina rubuta "na halarci taruka". Faɗi takardar da ka rubuta, da wane harshe, wa ya karanta ta, da shawarar da aka yanke a kanta. Guraben sakatariyar Majalisar ana neman su ta shafin Inspira, kuma cike fom ɗin yakan ci yini guda, don haka ka fara tun kafin ranar rufewa ta matso.