Kafin ka kai ɗanka makarantar Suwizalan da ke Accra

Wanda ya fito daga Nima ya hau titin Ring Road Central zai wuce ta gefen makarantar da aka sani da suna German Swiss International School. Na daɗe ina koyar da ƴan firamare a garin nan, shi ya sa da ƙanena ya fara tunanin sa ƴarsa a makarantar da ake koyarwa da harshe biyu, wurina ya zo. Ya ce, "Yaya, ke kika san harkar, me zan tambaye su?" Abin da na gaya masa shi ne zan maimaita a nan.

Fara da sanin asalin makarantar, domin asalin shi ke nuna maka inda karatun ya dosa. An buɗe ta a 1966 da sunan Ramseyer Memorial School, don ƴaƴan mutanen Suwizalan da ke aiki a Ghana. Fritz Ramseyer ɗan mishan ne na ƙungiyar Basel ta Suwizalan. Dakarun Asante sun kama shi a 1869, ya zauna a tsare a Kumasi har 1874, daga baya kuma ya koma garin ya zauna a 1896. Abin da ya fi jan hankalina game da mutanen Basel, a matsayina na malama, shi ne sun dage a fara koya wa yaro karatu da harshen uwarsa. Johannes Zimmermann ya yi aiki a kan harshen Ga, Johann Gottlieb Christaller kuma ya fitar da ƙamus na Twi a 1881 wanda har yau ana komawa gare shi. Yanzu makarantar tana cikin jerin makarantun Jamus na ƙetare, ana koyarwa da Jamusanci da Turanci.

Wannan ya kawo mu ga tambaya ta farko: manhajar wa ake bi, kuma wace takarda yaro zai fita da ita? Kada suna ya ishe ka. A Suwizalan ilimi na hannun jihohi ne, waɗanda suke kira kanton, guda 26. Duk makarantar da gwamnatin ƙasar ta amince da ita a ƙetare, kamar ta Milan ko ta Bogota ko ta Singapore, tana da jiha guda da ke tsaya mata tana duba manhajarta. Wadda ke ƙarƙashin Jamus kuwa tsarin Jamus take bi. Ka nemi a faɗa maka ƙarara har aji nawa makarantar take kaiwa, da inda ɗalibanta ke wucewa bayan nan. Ka tambayi ko ana zana jarrabawar Jamusanci ta DSD. Mataki biyu gare ta, kuma na biyun ne jami'o'in Jamus ke karɓa a matsayin shaidar iya harshe.

Tambaya ta biyu ita ce ta fi muhimmanci a wurina, kuma a kanta nake so ka daɗe. Da wane harshe yaro zai fara koyon haɗa baƙi? Magana da harshe biyu ko uku ba ta ba yaro wahala. Yaran Nima suna tashi da Hausa a gida, Twi ko Ga a kasuwa, Turanci a makaranta, ga Larabci a makarantar allo. Karatu da rubutu ne ke son a bi su a hankali. Harafin "w" a Jamusanci ana furta shi kamar "v", "ei" kuma ana cewa "ai". Yaro ɗan shekara shida da aka ɗora wa ƙa'idojin harshe biyu a mako ɗaya yakan rikice, sai a ɗauka ba shi da ƙoƙari, alhali lodi ne ya yi masa yawa. Don haka ka tambayi malamar ajin da kanta, ba mai karɓar baƙi a ofis ba: wane harshe ne na farko a allo, yaushe na biyun ke shigowa, da wane harshe ake yin lissafi, kuma awa nawa ake ware wa yaron da ba a jin Jamusanci a gidansu. Idan an yarda, ka zauna a bayan aji na rabin awa. Ka lura da yaron da ya yi shiru, ka ga ko malama tana komawa kansa.

Ka kuma shirya haƙuri. Jim Cummins, masanin ilimin harshe biyu a Kanada, ya nuna cewa yaro na iya kama harshen hira cikin kamar shekara biyu, amma harshen da ake karatun darasi da shi yakan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai. Jin ɗanka yana zuba Jamusanci a filin wasa bai nuna ya iya rubuta bayanin kimiyya da shi ba.

Wani abu kaɗan: Jamusancin da mutanen Suwizalan ke yi a tsakaninsu ya bambanta sosai da wanda ake rubutawa. A aji daidaitaccen ake amfani da shi, don haka kada wannan ya dame ka.

Kuɗin makaranta kuwa ka nemi a rubuta maka komai a takarda, har da na rajista da na mota da na abinci, da irin kuɗin da ake biya da shi, sidi ko yuro. Ka lissafa na shekaru, ba na zango ɗaya ba, saboda cire yaro a tsakiyar hanya ya fi cutar da shi.

Sauran aikin a gida yake. Wata safiya ina zaune a gidan ƙanena, Inna ta miƙa wa jikarta koko da ƙosai ta ce, "Zo ki karya, uwata." Yarinyar ta amsa da Turanci. Inna ta riƙe kofin a hannu, ta dubi ɗanta, ba ta ce komai ba. Wannan kallon ya tsaya mini a rai. A ranar muka yanke cewa daga ƙofar gida zuwa ciki Hausa ce kawai. Idan yarinyar ta yi magana da Turanci ba a tsawata mata, sai a maimaita mata abin da ta faɗa da Hausa a ci gaba da hira. Bayan sallar isha Inna na yi mata tatsuniya, ni kuma ranar Asabar ina koya mata rubuta ɓ da ɗ da ƙ, don babu makarantar da za ta koya mata su a nan. Makarantar allo ba a taɓa lokacinta ba.

Ɗaya daga cikin iyaye ya daure ya koyi Jamusanci ko da na gaisuwa da karanta takardar da aka aiko daga makaranta ne. Cibiyar Goethe, mai koyar da Jamusanci a unguwar Cantonments, tana da azuzuwan masu farawa. Ƙanena ya yi rajista, kuma littafinsa na nan a kan tebur kusa da allon ƴarsa.